Laka Ba Ta Mantuwa: Yadda Gubar Ƙarafa Ke Taruwa a Jikin Mazauna Ƙasan Teku

Ranar da na gaya wa innata ina rubutu a kan gubar da ke kwance cikin lakar teku, dariya ta yi. "Ɗan nan, mi yag gama mu da teku? Mu da ko gulbin Rima sai da damana muka ganinai cike." A lokacin kuwa tana zaune bisa tabarma tana tankaɗe garin kirefish da za a zuba a kunun jikarta, kamar yadda aka koya wa uwar yarinyar a wurin awo. Na nuna mata rariyar da ke hannunta na ce, "Inna, ga tekun nan kin riƙe."

Abin da muke kira kirefish a Tsohuwar Kasuwa ko Kasuwar Daji nan Sakkwato ƙananan jatan lande ne da ake kamawa a gaɓar tekun kudu, musamman wajajen Oron ta jihar Akwa Ibom, a busar da su, a loda a buhuna su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin su iso mana. A kusa da ƙasan ruwa suke kiwo. Can kuma ƙaguwa take, da kawa (dabbar ruwa mai taushin nama da ke rufe cikin ƙoƙo biyu), da ƙananan dodon koɗin da 'yan kudu ke zubawa a miya, da tsutsotsin laka waɗanda kifi ke ci. Waɗannan su ne mazauna ƙasan ruwa, kuma duk mai binciken gurɓatar teku da su yake farawa.

Dalilin yana cikin halin ƙarfe idan ya shiga ruwa. Dalma, zaiba, kadmiyam, kuromiyam da tagulla ba sa son zama a narke. Da zarar sun faɗa kogi sai su nemi abin liƙewa, kuma abin da suka fi kamawa shi ne ƙwayoyin yumɓu masu laushi da ruɓaɓɓen ganye da tsatsar da ke yawo cikin ruwan. Muddin kogi na gudu, yana ɗauke da wannan kaya. Idan ya iso inda zai shiga teku, abu biyu ke faruwa a tare: gudunsa ya ragu, sannan gishiri ya sa ƙwayoyin yumɓun su dunƙule su yi nauyi su nutse. Duk wanda ya taɓa jefa alif a randar ruwan gulbi ya ga irin wannan da idonsa: sama ta yi garau, dauɗa ta kwanta a gindi. To a bakin teku haka ake yi dare da rana, shekara da shekaru, kuma babu mai zuwa ya wanke gindin randar.

Saboda haka ne ɗebo ruwan sama a kwalba a kai ɗakin gwaji ke yaudarar mutane. Ana iya samun ruwan kusan tsaf, alhali lakar da ke ƙarƙashinsa na ɗauke da ƙarfen ninki ɗaruruwa ko dubbai. Ruwa na ba da labarin yau ne kaɗai. Laka kuwa littafin bashi ce. Masana kan soka dogon bututu a cikinta su zaro ta hawa-hawa, su karanta: nan ne lokacin da aka buɗe masana'anta, nan ne shekarun da fetur ke ɗauke da dalma, nan ne aka daina. Man fetur na mota mai dalma ya ƙare a duniya a 2021, bayan Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da shi, amma dalmar da motoci suka fesa tsawon shekaru tana nan kwance a lakar kowane babban birnin da ke bakin teku. Man da ya malala yakan ruɓe a hankali, ƙwayoyin halitta su cinye shi. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Sai dai ya sauya wuri ko ya sauya kama.

Sauya kamar nan ita ce wurin da maganar ta fi sarƙaƙiya, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Ka san baƙar lakar nan ta gindin tafki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai? Warin na farar wuta ne, alamar cewa iska ba ta shiga wurin. A irin wannan laka, farar wutar na ɗaure dalma da kadmiyam da tutiya tamau, har su zama kamar an kulle su a ɗaki. Suna nan, amma da wuya su shiga jikin wata halitta. Sai ranar da aka tayar da lakar. Jirgin yasar tashar ruwa, ko komar da ake ja a ƙasan teku, ko ambaliya mai ƙarfi, duk suna fito da ita ta haɗu da iska, ɗaurin ya kwance, ƙarfen da ya kwana shekara talatin a kulle ya koma cikin ruwa. Ko tsutsar da ke haƙa rami tana yin irin wannan aiki daidai ƙarfinta.

Ita kuwa zaiba, wannan baƙar lakar ce ma take ƙara mata dafi. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa inda babu iska, waɗanda ke juya zaiba ta koma wani nau'i da ake kira metilmakuri. Wannan nau'in ba ya tsayawa a bakin ƙofa. Kusan duk wanda aka ci hanji na tsotse shi, yana liƙewa a tsokar nama, yana ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma bi ta mabiyiya ya iske ɗan da ke ciki. Wato laka guda ce take kulle wani ƙarfe, take kuma wasa wani.

Ta yaya suke shiga jikin dabbar? Ya danganta da yadda take neman abinci. Kawa ba ta zuwa ko'ina. Tana manne a wuri ɗaya tana zuƙar ruwa tana tace abin da ke ciki, kuma babba a yanayi mai kyau tana iya tace sama da lita 100 a yini. Duk ƙurar da ke cikin wannan ruwa ta jikinta take bi. Tsutsar laka da wasu dodon koɗi lakar kanta suke haɗiya, su narkar da abin da zai narku su fitar da saura. Ƙaguwa kuma ba ta zaɓe: mushe, tsutsa, ganye, duk abinci ne. Abin mamaki, da yawansu ba sa mutuwa da wannan. Allah Ya yi musu wata dabara, wani furotin da ke kama ƙarfen ya riƙe, ko kuma su dunƙule shi kamar tsakuwa su ajiye a wata gaɓa da ke yi musu aikin hanta. Dabbar tana nan da ranta, da ƙibarta, ba wari, ba sauyin launi. Mai saye ba shi da abin da zai gani.

Wannan hali nasu ne ya sa masanin teku Edward Goldberg ya ba da shawara a 1975 cewa a mayar da kawa 'yar rahoto. Tunda ba ta yawo, abin da aka samu a jikinta na wurin ne. Tun 1986 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka take tattara kawa daga gaɓoɓin ƙasar tana aunawa. Dabara ce mai sauƙi, kuma a ganina ta fi taron bita ɗari amfani.

Kafin a kai ga wannan fahimta, sai da wani gari ya biya da rayuka. A Minamata ta Japan, kamfanin Chisso ya riƙa zubar da ruwan masana'anta mai ɗauke da metilmakuri cikin mashigin teku daga 1932 har 1968. Dabbobi ne suka fara nuna alama. Kyanwoyin garin, masu cin ragowar kifi, suka riƙa tangaɗi suna juyi kamar masu bori, wasu su faɗa ruwa. Tsuntsaye na faɗowa daga sama. Ranar 1 ga Mayu 1956 aka kai rahoton cutar a hukumance, bayan an kawo wata ƙaramar yarinya asibiti ba ta iya tafiya ko magana sosai. Iyalan masunta, waɗanda kullum abincinsu kifi da kawar wannan mashigi, su suka fi shan wuya: hannu da ƙafa su mutu, gani ya ƙuntata, harshe ya yi nauyi. Mata da ba su nuna wata babbar alama ba suka haifi 'ya'ya da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Da aka auna lakar bakin magudanar kamfanin a 1959, an sami zaiba kimanin kilo 2 a kowane tan. Duk da haka sai a 1968 gwamnati ta amince a hukumance da musabbabin, shekara 12 bayan rahoton farko. Zuwa Maris 2001 an tabbatar da mutum 2,265 da cutar, 1,784 daga cikinsu sun rasu, ban da dubban da aka biya diyya ba tare da an sa su a wannan lissafi ba.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan yadda guba ke ɓuya a ƙasa ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Bagega da Dareta da Yargalma, yara aƙalla 400 suka mutu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A 2024 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta shigo Isa, nan jiharmu, kan wata rashin lafiya da ke kumbura cikin yara, gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin wasunsu. Waɗannan duk a tudu suka faru, ta hanyar ƙura da ƙasa da abin sha. Amma ruwan saman da ya wanke filin niƙan dutse ba ya ɓacewa. Kogunan Zamfara da Ka suna zuba a gulbin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kwara, ita kuma ta nufi Neja Delta. Ba ina cewa dalmar Bagega ce ke cikin ƙaguwar Bonny ba. Mafi yawan laka takan kwanta tun a hanya, a fadamu da bayan madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba. Wannan ba albishir ba ne gare mu. Ma'anarsa ita ce rabonmu na lakar yana kusa da gida.

Akwai kuma zaibar da masu haƙar zinare ke amfani da ita. Ana cakuɗa ta da garin dutse ta kama zinaren, sannan a ƙona ta tashi sama a bar zinaren. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018 ta nuna ƙananan masu haƙar zinare su ne kan gaba a duniya wajen sakin zaiba cikin iska, kusan kashi 38 cikin 100 na abin da ɗan Adam ke fitarwa. Wadda ta tashi sama tana iya yawo na watanni kafin ruwan sama ya sauko da ita a wata ƙasa dabam, ko a tsakiyar teku. Shi ya sa aka yi yarjejeniyar duniya a kanta, aka kuma sa mata sunan Minamata. An amince da ita a 2013, ta fara aiki a 2017, kuma Najeriya na cikinta.

A gaɓar tekunmu mai tsawon kimanin kilomita 850, hanyoyin da ƙarfe ke bi ba ɓoyayyu ba ne: magudanan masana'antun Legas da ke ƙarewa a tafkin birnin, tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Fatakwal, bola da ake ƙona tsoffin batura da kayan lantarki, da ɗanyen mai wanda shi ma yana ɗauke da nikel da banadiyam. Fentin jirgi ma yana da nasa tarihin. An daɗe ana shafa wa gindin jirage wani fenti mai sinadarin kuza don hana halittu liƙewa, sai aka ga kawa na lalacewa a mashigin Arcachon na Faransa, matan wasu dodon koɗi kuma suna tsiro da gaɓar maza har su kasa haihuwa. Faransa ta fara taƙaita shi a 1982, haramcin duniya ya kankama a 2008.

Yanzu bari mu koma ga rariyar Inna, don a nan ne masu yaɗa labarin tsoro ke yin ɓarna. Sau da yawa za ka ga kanun labari: an gano ƙarafa masu guba a abincin teku. Kalmar "an gano" ba ta gaya maka komai ba. Na'urorin yanzu suna gano ɗigon da ba zai cutar da kiyashi ba. Sai an tambayi wane ƙarfe, a wace kama, a jikin wace dabba, a wace gaɓa, kuma nawa ake ci.

Ɗauki arsenik, wanda sunansa kaɗai ke tayar da hankali. Jatan lande da ƙaguwa suna da shi da yawa, amma mafi yawansa yana cikin wata kama da jiki ke fitarwa ta fitsari cikin 'yan kwanaki ba tare da ta yi illa ba. Wanda ya auna jimillar arsenik ya buga lambar, ya faɗi gaskiyar da ta fi ƙarya ɓatarwa. Tagulla ma haka: jinin ƙaguwa da jatan lande da tagulla aka gina shi, kamar yadda namu yake da baƙin ƙarfe, don haka samun ta a jikinsu ba shaidar gurɓata ba ce. Kawa kuma a ɗabi'arta tana tara tutiya, wadda jikin mutum ke buƙata.

Su ma masu illar ba hanya ɗaya suke bi ba. Zaiba hawa take yi: tsutsa ta ɗauka kaɗan, ƙaramin kifi ya ci tsutsa dubu, babba ya ci ƙanana ɗari, kowane mataki tana ninkuwa. Saboda haka manyan mafarauta masu tsawon rai, irin su kifin shak, su suka fi ta, jatan lande kuwa yana cikin abincin teku mafi ƙarancinta, haka ma sadin da titus ɗin da ake kawo mana a ƙanƙara. Dalma da kadmiyam ba sa hawa haka. Sun fi tsayawa a ƙasa, a jikin masu tace ruwa da masu cin laka, kuma a cikin kayan cikinsu. A jikin ƙaguwa, farin naman ƙafafu na iya zama lafiya lau alhali ruwan-ƙasan abin da ke cikin ƙoƙonta ya tara kadmiyam mai yawa. Dokar Tarayyar Turai ta san da wannan: iyakar da ta sa ta miligiram 0.5 na kadmiyam a kilo farin naman take nufi. Ga kawa, iyakar miligiram 1 ce ta kadmiyam, 1.5 ta dalma.

Lissafi ɗaya zai nuna yadda yawan ci ke sauya hukunci. Kwamitin masana na hukumomin lafiya da abinci na duniya ya sa abin da jiki zai iya jurewa na metilmakuri a maikirogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum a mako (maikirogiram dubu ke yin miligiram ɗaya). Mace mai kilo 60 ke nan tana da 96. Kifin da zaibarsa ta tsaya daidai kan iyakar da aka saba sawa, miligiram 0.5 a kilo, giram 200 nasa na ɗauke da kusan maikirogiram 100. Wato kifin da ya tsallake gwaji da ƙyar, yanka biyu a mako sun cika ma'aunin. Ga wanda ke cin kifi ran sallah da ran suna, wannan ba komai ba ne. Ga matar masunci da ke cin abin da koma ta kawo safe da yamma, daga rafi guda, shekara da shekaru, magana ta sauya. A ko'ina cikin duniya talakan da ke zaune a bakin gurɓataccen ruwan shi ke shan kaso mafi tsoka, ba mai saye daga nesa ba.

Jiki ma ba ya sallamar baƙin nan lokaci ɗaya. Rabin metilmakuri kan fita cikin kamar wata biyu. Kadmiyam kuwa a ƙoda yake tarewa, kuma rabinsa kan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin ya fita. Shi ne ya jawo cutar itai-itai a yankin Toyama na Japan, inda ruwan ma'adinai ya shiga gonakin shinkafa, ƙasusuwan mata suka riƙa karyewa. Dalma na ɓuya a ƙashi, ta fito lokacin goyon ciki da shayarwa. Ita ce ma aka janye mata kowace iyakar jurewa a 2010, don ba a sami adadin da za a ce ba ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba. Kuma kada a dogara da wuta: tafasa, suya da banda suna kashe ƙwayoyin cuta, ba sa taɓa ƙarfe. Busarwa ma ruwa take cirewa ta bar ƙarfen, shi ya sa kilo ɗaya na busasshe ya fi kilo ɗaya na ɗanye ɗauke da shi ninki uku ko huɗu. Mai kwatanta sakamakon busasshen kirefish da iyakar da aka yi don ɗanye, ya riga ya kauce tun daga farko.

To me na ce wa Inna? Na ce ta ci gaba da tankaɗenta. Cokali ɗaya ko biyu na kirefish a kunun yaro furotin ne da sinadaran gina ƙashi da jini, a jihar da tamowa ke kwantar da yara a asibiti kowace damina. Hana yaro wannan saboda tsoron lakar Oron gudun gara ne a faɗa gidan zago. Da za a jera hanyoyin da dalma ke bi ta shiga jikin yaro a Sakkwato, kwallin da ake ranbaɗa wa jarirai, da ƙurar wuraren fasa tsoffin batura, da tukwanen da ake zubawa daga narkakken tarkacen ƙarfe, da kayan aikin mai dawowa daga ramin zinare, duk suna gaban kirefish nesa.

Abin da ya fi damuna na kusa ne. Mu ma muna da mazauna ƙasan ruwa, ko da ba mu da teku. Tarwaɗa a laka take kiwo. Gaiwa ma cikin lakar take shige ta yi rani. Dokar da ke aiki a bakin teku ita ke aiki a bayan madatsar Bakolori da ta Goronyo: ruwa ya tsaya, laka ta kwanta, abin da ta ɗauko daga sama ya kwanta tare da ita. Ruwan nan ne ake ban-ruwan shinkafa da albasa da shi, kifinsa ne Sarkawa ke kawowa Kwalkwalawa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da masana sinadarai da na kifi, NAFDAC da NESREA na da hurumin abinci da muhalli. Abin da irin wannan matsala ke buƙata shi ne awo a wuri guda, da hanya guda, kowace shekara, na laka da na kifin da ke cikinta, a kuma buga sakamakon inda masunci da mai saye za su ji. Gwajin ɗalibi na shekara ɗaya da ya ƙare a kan kanta ba zai nuna ko abu na hawa ko sauka ba. Duk ranar da aka tashi yashe ɗaya daga cikin madatsun nan kuwa, tambayar farko ita ce me ke cikin lakar, kuma a gonar wa za a zube ta.

Mutanen Minamata sun amsa wannan tambaya da tsada. A 1974 aka shinge bakin mashigin da raga don kada kifinsa ya fita. Daga 1977 zuwa 1990 aka yi ta zuƙo lakar da zaibarta ta wuce miligiram 25 a kilo, kimanin kubik mita miliyan ɗaya da rabi, aka tara ta a wani ɓangare na mashigin da aka katange da ƙarfe, aka rufe da ƙasa. Sai a 1997 aka cire ragar aka ce kifin ya ciwu, shekara 29 bayan rufe magudanar. Wurin da aka binne lakar, hekta 58, yanzu filin shaƙatawa ne mai ciyawa da furanni da wuraren wasanni, kuma har yau ana zuwa duba katangar.